Sharhi: Raunin Ndidi da gibin da Najeriya ta kasa cikewa a tsakiyar fili

Mako guda bayan da Kodebuwa ta doke Najeriya da ci 2-1 a wasan ƙarshe na Gasar Kofin Nahiyar Afirka, wanda aka buga a Abidjan ranar Lahadi 11 ga Fabrairu 2024, ƙura ba ta lafa ba. A Agege, inda Hausawa suka daɗe da kafa zango tun zamanin fataucin goro da zuwan jirgin ƙasa, musun bai bar gidajen kallon ƙwallo da teburan masu shayi ba. Wasu sun ɗora laifin a kan koci José Peseiro, wasu kuma sun tasa Alex Iwobi a gaba. Sai dai idan aka natsu aka dubi wasan, mutumin da rashinsa ya fi komai tasiri bai ma taka filin ba. A lokacin yana Ingila yana jinya. Shi ne Wilfred Ndidi, wanda ya tashi a barikin soja na Ikeja, tafiyar 'yan mintoci daga Agege.

A farkon watan Janairu, ana saura kwanaki kaɗan a fara gasar, aka tabbatar da cewa Ndidi ba zai je ba, saboda raunin tsoka da ya ji a ƙungiyarsa ta lokacin, Leicester City, wanda ya kai ga tiyata da hutun kimanin wata uku. Ba shi kaɗai Najeriya ta rasa ba. Taiwo Awoniyi yana kwance tun watan Nuwamba. Victor Boniface na Bayer Leverkusen ya ji rauni a sansanin horo na Abu Dhabi, aka kira Terem Moffi. Umar Sadiq ya fita saboda gwiwa, aka kira Paul Onuachu. 'Yan wasan gaba uku ke nan, waɗanda kowace ƙasa a nahiyar za ta so a ce nata ne, amma da wuya a sami wanda zai ce rashinsu ne ya hana Najeriya kofi. Victor Osimhen yana nan, Ademola Lookman ya ci ƙwallo uku a wasannin Kamaru da Angola, ga Moses Simon da Samuel Chukwueze da Kelechi Iheanacho. A gaba, in ɗaya ya faɗi akwai biyu a tsaye. A tsakiya kuwa, mutum ɗaya ya faɗi aka sauya tsarin wasan ƙasa baki ɗaya.

Aikin da Ndidi yake yi ba ya cikin abin da ake maimaitawa a talabijin bayan an tashi wasa. Shi ne mai tsayawa a gaban masu tsaron baya, ya tare hanya, ya ƙwace ƙwallo, ya miƙa ta ga wanda zai sarrafa, ya kuma toshe ramin da ɗan uwansa ya bari in ya hau gaba. A kakar wasa ta 2017/2018 babu ɗan wasan da ya kai shi yawan ƙwace ƙwallo a gasar Firimiyar Ingila. Irin wannan ɗan wasa kamar ginshiƙin ɗaki yake: mai shiga ba ya kallonsa, sai ranar da aka zare shi.

Hukumar Ƙwallon Ƙafa ta Afirka, CAF, ta bai wa kowace ƙasa damar tafiya da 'yan wasa har 27. Najeriya ta tafi da 25, kuma biyar kacal ne 'yan tsakiya a jerin farko: Ndidi, Iwobi, Joe Aribo, Frank Onyeka da Raphael Onyedika. Iwobi da Aribo sun fi sabawa da kai hari. Wato tun kafin raunin ya zo, an riga an ɗora kaya masu nauyi a kan ƙafar mutum ɗaya, alhali ga gurabe biyu an bari babu kowa.

Wanda aka kira ya maye gurbin Ndidi shi ne Alhassan Yusuf, haifaffen Kano, mai shekara 23, wanda bai taɓa buga wa Super Eagles wasa ba kafin wannan kira. Yana da kyau a tsaya a kan labarinsa, domin a nan matsalar take fitowa fili. Alhassan ba ɓoyayye ba ne. Ya yi wasa a IFK Göteborg ta Suwidin, ya koma Royal Antwerp ta Beljiyam, kuma yana cikin tawagar da ta ci gasar ƙasar a 2023, karo na farko da ƙungiyar ta yi haka tun 1957. A ƙarshen shekarar yana buga Gasar Zakarun Turai a rukuni ɗaya da Barcelona da Porto. A daidai wannan lokaci Najeriya ta buga wasannin sada zumunta da Saudiyya da Mozambik a watan Oktoba, sannan ta yi kunnen doki 1-1 da Lesotho, ta sake yin 1-1 da Zimbabuwe a watan Nuwamba. Wasa huɗu ke nan da za a iya gwada shi, ya saba da abokan wasansa, su ma su san inda yake son a ba shi ƙwallo. Ba a gwada shi ba. Sai da bango ya tsage aka tuna da shi, kuma cikin ƙasa da mako biyu ya tashi daga wanda ba ya cikin tawaga zuwa wanda ya fara wasan farko da Ikwatoriyal Gini ranar 14 ga Janairu.

Ya yi rawar gani a ranar, har sai da rauni ya fitar da shi a kashi na biyu na wasan. Wanda aka kawo don ya cike gibin mai rauni shi ma ya ji rauni. Bayan ya warke, ya shigo daga benci a wasan kusa da na ƙarshe da Afirka ta Kudu a Bouaké ranar 7 ga Fabrairu, kuma shi ne ya taɗe Percy Tau a cikin da'irar gida ana dab da tashi. Osimhen ya riga ya jefa ƙwallo ta biyu a raga a ɗaya ɓangaren, ana cikin murna, sai alƙalin wasa ya koma ya duba na'ura, ya soke ƙwallon, ya bai wa Afirka ta Kudu fenariti. Teboho Mokoena ya farke. Ba don Stanley Nwabali ya tare biyu a bugun daga kai sai mai tsaron gida ba, da yau sunan wannan matashi ne a bakin masu zagi. Da kuma an zalunce shi, domin wasannin da ya buga wa ƙasarsa a lokacin ba su cika yatsun hannu ɗaya ba.

Adalci ne a yaba wa Peseiro a kan abu guda. Bayan kunnen dokin wasan farko, ya gane ba shi da wanda zai yi aikin Ndidi shi kaɗai, sai ya raba aikin. Ya koma amfani da masu tsaron baya uku a tsakiya, William Troost-Ekong da Semi Ajayi da Calvin Bassey, ya bar Onyeka da Iwobi a gabansu. Dabarar ta yi aiki fiye da yadda aka zata: a wasa shida kafin na ƙarshe, ƙwallo biyu kacal aka zura wa Najeriya. To amma dabara ce ta rufin asiri, kuma tana da tsada. Mutum biyu ne suka riƙa yin gudun mutum uku, wasa bayan wasa, cikin zafi da gumi, har da ƙarin lokaci a Bouaké kwana huɗu kafin wasan ƙarshe.

A Abidjan aka biya bashin. Kodebuwa ta zuba mutum uku a tsakiya, Franck Kessié da Seko Fofana da Jean Michaël Seri, suka riƙe ƙwallo, suka tura Najeriya baya tun daga farko. Troost-Ekong ya ci da ka kafin hutun rabin lokaci, amma duk mai kallo ya ga inda ruwa yake gangarawa. Kessié ya farke, Sébastien Haller ya ci ta biyu ana saura minti tara. Shi kansa Haller da ciwon idon sawu ya shigo gasar, bai buga ko wasa ɗaya a matakin rukuni ba; ƙasarsa ta jira shi domin tana da waɗanda za su riƙe mata wuri kafin ya miƙe. Bayan wasan aka yi wa Iwobi ca a kafafen sada zumunta har ya goge hotunansa a Instagram, sai da kyaftin Ahmed Musa ya fito ya roƙi a daina. An zagi mutum a kan aikin da ba nasa ba ne, wanda ya karɓa saboda babu mai yi.

Da a ce wannan ne karo na farko, da sai a ce tsautsayi ne. Ba shi ne na farko ba.

Ranar 30 ga Yuni 2014, a birnin Brasília, Najeriya tana riƙe da Faransa babu ci a zagaye na biyu na Kofin Duniya, har an kusa cika awa guda ana wasa. Blaise Matuidi ya taka Ogenyi Onazi a idon sawu, aka fitar da shi a kan gadon ɗaukar marasa lafiya, Matuidi ya tsira da katin gargaɗi kawai. Marigayi Stephen Keshi ya sa Reuben Gabriel, tsohon ɗan wasan Kano Pillars. Daga nan tsakiyar fili ta koma hannun Faransa. Paul Pogba ya ci, Joseph Yobo ya ci gida, aka tashi 2-0.

Shekara takwas bayan haka, ranar 17 ga Maris 2022, Ndidi ya ji rauni a gwiwa a wasan Leicester da Rennes ta Faransa, raunin da ya kawo ƙarshen kakar wasansa. Saura kwana takwas Najeriya ta kara da Gana a wasan neman gurbin zuwa Kofin Duniya na Katar. Iwobi ma yana zaman hukuncin jan katin da ya samu a wasa da Tunisiya. Koci Augustine Eguavoen ya kira Innocent Bonke na Lorient, ya fara da shi a Kumasi, aka tashi babu ci. A Abuja, ranar 29 ga Maris, ya sauya, ya sa Onyeka da Oghenekaro Etebo, wanda bai daɗe da tashi daga doguwar jinya ba. Cikin minti goma na farko Thomas Partey ya sami sarari a bakin da'ira ya buga, ƙwallo ta kuɓuce wa Francis Uzoho. Kowa ya tuna kuskuren mai tsaron raga, kuma kuskure ne babba. Kaɗan ne suka tambayi wa ya kamata ya tsaya a gaban Partey. An tashi 1-1, Gana ta wuce da ƙwallon da ta ci a waje, 'yan kallo suka afka filin wasa na Moshood Abiola suka yi ɓarna.

Akwai karo ɗaya da irin wannan rauni bai girgiza ƙasar ba, kuma dalilin haka yana da amfani. A watan Disamba 2018 agarar Onazi ta tsinke yana wasa a Trabzonspor ta Turkiyya. Tsinkewar agara, wato babbar jijiyar da ta haɗa dunduniya da sha raɓa, tana cikin mafi munin abin da zai sami ɗan ƙwallo. Tiyata ce da watanni masu yawa na jinya, kuma ba kowa yake dawowa da gudunsa na da ba. Kakar wasansa ta ƙare a nan, ya rasa gasar Afirka ta 2019 a Masar. Amma Najeriya ta zo ta uku, ba a kuma ji ana kukan rashinsa ba, domin Ndidi da Etebo sun riga sun zauna da gindinsu a tawagar, sun buga Kofin Duniya na 2018 tare. Magajin yana cikin gida tun kafin a buƙace shi. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Ƙungiyoyin Turai suna da hanyar da ƙasa ba ta da ita, wato kasuwa. Shi kansa Ndidi ciwon ƙafar wani ne ya buɗe masa ƙofar Ingila. Da N'Golo Kanté ya bar Leicester zuwa Chelsea a 2016, ƙungiyar ta sayo Nampalys Mendy daga Nice don ya gaje shi. Mendy ya ji ciwo a idon sawu a wasa da Arsenal a watan Agusta, ya daɗe yana jinya, Leicester ta shiga tangal-tangal, sai ta je Genk ta Beljiyam ta ɗauko Ndidi a watan Janairu 2017. A 2024 kuma, da Ndidi ya kwanta, Leicester ba ta rikice ba, domin koci Enzo Maresca ya riga ya ɗora aikin tsare tsakiya a kan Harry Winks, ya matsar da Ndidi gaba kaɗan. Haka abin ya kasance da Umar Sadiq, ɗan Kaduna. Real Sociedad ta Sifaniya ta saye shi daga Almería a farkon Satumba 2022 a kan kimanin Yuro miliyan 20 don ya maye gurbin Alexander Isak. Ya ci Atlético Madrid a wasansa na farko, a wasa na uku kuma, da Getafe, jijiyar cikin gwiwarsa ta tsinke, bai sake taka leda ba a kakar. An rufe kasuwar 'yan wasa, amma Alexander Sørloth yana nan a matsayin aro, ƙungiyar ta ƙare a ta huɗu ta kuma sami gurbin Gasar Zakarun Turai. Hukumar Ƙwallon Ƙafa ta Najeriya, NFF, ba za ta iya sayen ɗan wasa ba, ba za ta iya aro ba. Abin da ta shuka shi za ta girba.

To me ya sa ƙasar da ke da 'yan wasan gaba har sun yi mata yawa take fama da ƙarancin masu tsare tsakiya? Amsar tana cikin yadda ake fitar da yara zuwa waje. Makarantun koyon ƙwallo da dillalai da sayar da 'yan wasa suke rayuwa, kuma abin da ya fi saurin sayuwa shi ne gajeren bidiyon yaro mai gudu, mai yanka, mai zura ƙwallo. Ba a iya nuna basirar tsayawa a inda ya dace cikin bidiyon minti uku. Shi ya sa manyan masu wannan aiki da Najeriya ta samu a shekarun baya-bayan nan a Turai aka ƙera su. John Mikel Obi mai shirya hari ne lokacin da ya haskaka a gasar 'yan ƙasa da shekara 20 ta duniya a 2005. José Mourinho ne ya mayar da shi baya a Chelsea. Ndidi mai tsaron baya ne a makarantar Nath Boys ta Legas da kuma ƙananan tawagogin ƙasa; a Genk aka matsar da shi tsakiya. Muna jiran wasu su gano mana abin da ke hannunmu.

Mazauna Agege ba sa buƙatar a ba su labarin yadda rijiyar cikin gida take ƙafewa, domin a gabansu aka yi. Filin wasa na Agege ya kasance gidan ƙungiyar MFM, wadda ta zo ta biyu a gasar ƙwararru ta ƙasa a 2017, bayan Plateau United, ta wakilci Najeriya a Gasar Zakarun Afirka a shekara mai bi. A wannan fili aka buga wasan ƙarshe na kofin ƙalubale na 2017 tsakanin Akwa United da Niger Tornadoes. A 2022 MFM ta faɗi daga babbar gasar, a shekara ɗaya da Kano Pillars da Katsina United da Heartland. Sauran ukun sun dawo, ita ba ta dawo ba. Matashin Agege da a da yake iya kallon wasan ƙwararru a unguwarsa, ya kuma yi mafarkin wani koci zai hango shi, yanzu allon gidan kallo ya fi kusa da shi. Ga kuma wannan: Keshi ya ci kofin Afirka a 2013 da 'yan wasa shida daga gasar cikin gida, ɗaya daga cikinsu, Sunday Mba, shi ya ci ƙwallon wasan ƙarshe da Burkina Faso. A tawagar da ta je gasar a 2024 mutum ɗaya ne daga gasar gida, mai tsaron raga Olorunleke Ojo na Enyimba, kuma bai buga ba.

Akwai wata asara da ba ta shiga lissafin kowa. In Ndidi ko Sadiq ya ji rauni, akwai likitocin ƙungiya, akwai na'urar ɗaukar hoton jijiya, akwai albashi yana shiga har ya warke. Yaron da ke wasa a busasshen fili a bayan kasuwa, a Agege ko Fagge ko Tudun Wada, in ya gurɗe ƙafa, wurin mai ɗori ake fara kai shi. Masu ɗori sun san karaya da targaɗe, kuma jama'a ba su dogara da su a banza ba. Amma jijiyar da ta tsinke a cikin gwiwa ko a dunduniya ba ƙashi ba ce, ɗauri ba ya haɗa ta. Asibitin ƙashi na ƙasa da ke Igbobi a Legas da takwaransa na Dala a Kano suna nan, sai dai kuɗin hoto da na tiyata da na watannin motsa jiki sun fi ƙarfin yawancin iyaye, ƙananan ƙungiyoyin unguwa kuwa ba su da inshora. Wanda ya fi kowa shiga wannan haɗari shi ne yaron da aikinsa sa ƙafa a inda ake rububin ƙwallo, wato daidai irin ɗan wasan da ƙasar take nema. Da yawa sun bar ƙwallo suna ɗingishi kafin wani ya san sunansu.

Bayan gasar, lokacin gyara bai da yawa. Yarjejeniyar Peseiro da NFF ta ƙare a ƙarshen watan Fabrairu 2024, sannan aka yi hutun wasannin ƙasashe a watan Maris. A lokacin Ndidi yana da shekara 27, ya kuma rasa manyan wasannin ƙasarsa sau biyu cikin shekara biyu. Hankali ba zai yarda a sake gina komai a kan zaton ba zai ƙara kwanciya ba. Alhassan Yusuf da Onyedika, wanda a lokacin yake wasa a Club Brugge amma ya shafe yawancin gasar a benci, suna buƙatar cikakkun wasanni tare da Onyeka, ba mintocin ƙarshe ba. Ya kamata kuma a sami wanda aikinsa shi ne zagaya filayen gasar gida yana duban wannan gurbi kaɗai.

A watan Yuni 2024 aka koma wasannin neman shiga Kofin Duniya na 2026. A lokacin Najeriya tana da maki biyu daga wasa biyu, kuma wadda ta zo ta ɗaya a rukuni ce kaɗai za ta wuce kai tsaye. Ta fara da karɓar baƙuncin Afirka ta Kudu, wadda ta riga ta ga inda tsakiyar Najeriya take da rauni a Bouaké. Daga nan sai Jamhuriyar Benin, wadda kocinta a lokacin shi ne Gernot Rohr, mutumin da ya shafe shekara biyar yana horar da Super Eagles, kuma shi ne ya gina tsakiyar tawagar a kan Ndidi.